Rawar Lilo da Kurame da Guragu a Kaduna: Littafin Aikinmu na 2025

Asabar, 11 ga Janairu

Mun sami ɗaki. Tsohon sito ne a Kakuri, cikin gine-ginen da suka zama kufai tun da masaƙu suka durƙushe. Abu biyu suka sa muka tsaya a kansa: rufinsa ya haura mita shida, ƙofarsa kuma daidai take da ƙasa, babu matakala ko ɗaya. Na biyun ya fi wuyar samu. Mun duba zauruka a Unguwar Rimi da Malali da Barnawa, wasu da tayil da fankoki gwanin sha'awa, amma kowanne sai an hau bene, ko a tsallake kwalbati kafin a kai bakin ƙofa. Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara mashiginsu, wa'adin kuma ya cika tun bara. Jihar Kaduna ma ta yi tata dokar a 2021. Duk da haka mai keken guragu har yau ɗaukarsa ake yi cak kafin ya shiga yawancin wuraren taro, mu kuwa mun yi alkawarin kowa da kansa zai shigo nan.

Ga wanda bai taɓa gani ba, rawar lilo a sama ake yin ta. Ana rataye dogon yadi mai ƙarfi daga rufi, ko a bar shi reshe biyu suna reto, ko a haɗa bakinsa ya zama lilo. Mutum ya hau, ya naɗe jikinsa, ya juya, ya kife, ya sauko a hankali bisa kiɗa. Wasu da zoben ƙarfe suke yi, wasu da sanda mai igiya biyu. Mu da yadi za mu fara, kuma ƙasa-ƙasa.

Ni malamar motsa jiki ce, a Legas na koyi rawar. Ƙanwata, wadda sanƙarau ya tafi da jinta tun tana ƙarama, ita ta ga hotunana a waya ta tambaye ni da hannu: "Yaya, sai masu ji ne suke hawa?" Daga nan aikin ya taso. Ni zan riƙe ajin mata da safe, abokin aikina ya riƙe na maza da yamma. Zan riƙa rubuta abin da ya gudana don wanda zai yi irinsa a Zariya ko Kano ko Jos ya tarar da sawu.

Asabar, 25 ga Janairu

Injiniya ya zo ya hau tsani, ya ƙwanƙwasa ƙarafan da ke ɗauke da rufin, ya kankare tsatsa ya ga zurfinta, ya auna kauri. Biyu ya amince da su. Sauran ya ce ko fanka kada a rataya musu.

Lissafin da ya yi mana ya kamata duk mai sha'awar wannan aiki ya haddace. Mai kilo 70 idan yana zaune shiru a lilo, kilo 70 ne. Da zarar ya saki jiki ya zame yadin ya cafke shi, nauyin da ke dukan rufin ya ninka cikin ƙiftawar ido. Shi ya sa masu sana'ar suke aiki da ƙa'idar goma bisa ɗaya: duk abin da zai ɗauki mutum, sai ya iya jure ninki goma na nauyin da ake sa ran zai hau kansa. Mu kuma muna son fuli a sama, 'yar tayar nan mai kwari da igiya ke bi ta kanta, don mu sauke lilon daidai tsayin kujerar kowa, idan wani ya maƙale kuma mu sauko da shi tare da yadin ba sai an nemi tsani ba. To fuli yana da nasa sharaɗin. Igiyar tana ja ta ɓangare biyu, na mai lilo da wanda aka ɗaure a bango, saboda haka ƙarfen sama kusan ninki biyu yake ɗauka. Bayan an ɗaura komai mun rataya buhunan yashi muka bar su suka kwana.

Na kai ɗaya daga cikin ƙugiyoyin da muka yi oda Panteka, wajen wani dattijo mai walda da zai yi mana benci da marikin bango. Ya jujjuya ta a hannu ya ce, "'Yata, wannan ai sai in ƙera miki goma kafin azahar." Na ce, "Baba, hannunka ba abin shakka ba ne. Amma dubi nan." Na nuna masa lambar da aka buga a jikinta tare da harufan kN. Kowane kN ɗaya ƙarfin ɗaukar kusan kilo 100 ne, ke nan mai lamba 40 sai an kai wajen tan huɗu kafin ta karye, kuma a na'ura aka gwada. Ya yi shiru, sannan ya ce gaskiya ne, abin da zai ɗauki ran ɗan mutane ba a yi masa kintace. Bencin da ya yi mana kuwa ba mu da kamarsa. Ya sa aka kawo masa keken guragu ya auna tsayin mazauninsa, ya goge kowace kusurwa don kada ta yanki cinyar mai jan jiki.

An ɗinka rigunan katifu a Kasuwar Barci. Soso ne mai kaurin santimita 30.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Taron iyaye da mazajen masu aure. An cika bencin, wasu a tabarma.

Maganar sutura ta zo da sauƙi fiye da yadda muka zata, domin ita rawar da kanta rufe jiki take so. Yadi yana ƙona fata idan ya goga, musamman hammata da kugu da bayan gwiwa, saboda haka dogon wando da riga mai dogon hannu dole ne ga mace da namiji. Dogon hijabi ne ba zai hau sama ba, don zai iya sarƙewa da yadin a wuya. An tsaya a kan hula mai kama kai, babu fil babu allura. A ajin mata ƙofa a rufe take, babu namiji, babu ɗaukar hoto.

Wata uwa ta tambaya ko an taɓa yin haka a wani wuri. Na nuna musu bikin buɗe gasar wasannin naƙasassu ta duniya da aka yi a Landan a 2012, inda kurame da guragu da masu yankakken gaɓa suka yi ta shawagi a saman filin. Ɗaya daga cikin mutum biyun da suka tsara bikin, Jenny Sealey, ita ma kurma ce. A can Ingila ƙungiyar rawa ta Candoco tun 1991 take haɗa masu naƙasa da marasa ita a dandali ɗaya.

Sai wani dattijo daga Tudun Wada ya gyara zama ya ce, "Malama, na ga hoto. Amma 'yata ba ta ji. Idan za ta faɗo, da me za ki ce mata ta riƙe?" Na ce, "Baba, amsar wannan ita ce aikin da za mu fara yi, tare da ita. Kafin mu gama shi babu wadda za ta wuce tsayin ƙirjina." Ya ce to, a kan haka ya yarda.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Aji na farko. Hunturu bai gama tafiya ba, kowa ta sha basilin ko man kaɗanya hannu da ƙafa, yadi kuma ba ya riƙe jiki mai maiƙo. Mun fara da bokitin ruwa da sabulu. Zobba da awarwaro da 'yan kunne sun shiga kwano. Masu na'urar ji wasu sun cire, wasu sun danne ta da hula.

Yare biyu ne a ɗakin. Waɗanda suka yi makarantar kurame suna amfani da yaren da ya samo asali daga na Amurka, wanda Andrew Foster, baƙar fata kurma, ya dasa a Ibadan wajen 1960. Waɗanda ba su yi boko ba da maganar hannu ta gida suke magana, irin wadda kuramen ƙasar Hausa suka gada a kasuwa da majalisa tun kafin a buɗe musu makaranta. Tafintarmu na makaranta ta iya. Ni na gida na iya, don da shi na tashi da ƙanwata. Wadda ta haɗa mu ita ce wata kurma mai sayar da kayan koli a Kawo, uwar 'ya'ya, da ta iya duka biyun. Kowa yana ce mata Babbar Yaya. Daga yau tana cikin ma'aikata, kuma za a riƙa biyanta kamar tafinta.

Abin da aka yi yau zama ne kawai a lilo, ƙafa tana taɓa katifa, sai kishingiɗa. Idan aka baza yadin daga ƙarƙashin hammata zuwa cinya, yana rungumar mutum ne yadda zanen goyo ke rungumar yaro, kuma na ga kafaɗun da suka shigo a ɗaure suna saki ɗaya bayan ɗaya.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Yau muka zauna a kan tambayar Baban Tudun Wada, kuma ita ce ƙashin bayan wannan aiki.

Kurma da hannu take magana, da ido take saurare. A kan lilo hannayen suna riƙe da yadi, idan ta kife kuma idon yana kallon bango ko rufi. Ke nan ba za ta iya gaya mini komai ba, ni ma ba zan iya gaya mata ba, daidai lokacin da magana ta fi muhimmanci. Yadda aka koya mini a Legas, malama tana ƙasa tana ɗaga murya: hannun dama sama, saki ƙafa, riƙe. Babu ko ɗaya da zai yi aiki a nan.

Na shimfiɗa matsalar a gabansu, su suka warware ta. Ƙanwata ta fara da cewa kada in ƙara nuna motsi ina bayani a lokaci ɗaya, domin ido ɗaya ba ya kallon wuri biyu. In nuna, in sauko, in tsaya inda haske ke dukan fuskata, sannan in yi bayani, sannan in sake nunawa. Kada in ba ƙofa baya, don fuskata tana komawa inuwa, rabin maganar hannu kuwa a fuska take. Wannan ya ninka tsawon kowane darasi, kuma ya dace ya ninka.

Sai Babbar Yaya ta hau lilo ta ce in buga yadin da yatsa. Yadin da ke ɗauke da mutum a miƙe yake tsam, bugun yana bi ta cikinsa har tafin hannu. Aka tsayar: bugu biyu, tsaya inda kike, bugu a jere ba ƙaƙƙautawa, sauko. Bugu ne kawai, ba a jan yadin, don ja yana iya kwance naɗin da ke riƙe da ita.

Dama da hagu suka zo da rigima. Idan mutum ya kife, samansa ya koma ƙasa, hannun da nake nuna masa ya koma ɗaya ɓangaren. Wata yarinya 'yar sakandare ta kawo shawarar zare: ja a wuyan hannun dama, kore a na hagu, ni kuma in riƙe ƙyalle ja da kore in ɗaga wanda nake nufi. Maimakon sama da ƙasa, yanzu wajen kai da wajen ƙafa muke cewa. Mun ajiye fitila mai caji a ƙasa tana kallon sama, idan ta kama kowa ya sauko. Mai caji ce saboda kada a ɗauke wuta a bar mu ba baki.

Abin da ya rage shi ne daga sama zuwa ƙasa: idan ita ce ke cikin matsala fa? An yi ta kawo girgiza kai da buga ƙafa, amma duk sai ina kallo zan gani. Can wata da ba ta cika sa baki ba ta ɗaga hannu ta ce ita tana da murya. Ta daina fitar da ita ne tun tana 'yar shekara tara, saboda yaran unguwa suna kwaikwayonta. Ɗakin ya yi tsit, domin kusan kowa labarinta ke nan. Babbar Yaya ta ce a wannan ɗaki duk sautin da ya fito daga bakin wadda ke sama, kira ne, kuma a guje za a zo. Muka gwada ɗaya bayan ɗaya, kowa ta yi nata kiran na je da gudu na tallafe ta. Wasu sun yi dariya, biyu sun yi kuka. Na rubuta wannan doka a saman allo da babban baƙi.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya kama tun ranar ɗaya ga wata, ga zafi ya shigo. Babu hawa sai bayan Sallah. Muna haɗuwa awa ɗaya da safe, miƙa jiki a katifa, sai ƙirƙirar alamun hannu ga kowane naɗi da kowane juyi. Muna ɗaukar hannaye kawai a waya, ban da fuska, a tura wa ajin maza ta WhatsApp don yaren ya zama ɗaya.

Asabar, 12 ga Afrilu

An dawo hawa, an kuma sa majuyi a saman lilo ɗaya, wato ƙarfen da ke barin yadi ya yi ta juyawa ba tare da ya murɗe ba. A nan aji ya rabu biyu. Wasu juyi kaɗan suka yi jiri ya kwashe su, sai da aka zaunar da su. Ƙanwata da wasu kuwa suka yi ta katantanwa, suka sauko garau suna neman ƙari.

Dalilin yana can cikin kunne. Kusa da sashen da ke ji akwai wasu 'yan bututu masu ruwa da ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko mutum a tsaye yake ko a karkace, ko yana juyawa. Sanƙarau sau da yawa yakan lalata su tare da jin. Tsakanin 1958 da 1968 NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, da sojojin ruwan ƙasar sun yi bincike da wasu kurame goma sha ɗaya daga kwalejin Gallaudet, kusan dukkansu sanƙarau ne ya kurmantar da su. An sa su a ɗaki mai juyawa, an sa su a jirgin ruwa cikin haukan teku, masu binciken suna amai su kuwa ko a jikinsu. Da na ba su labarin, ƙanwata ta ce ashe da ta tafi sararin samaniya. Mu nan arewa muna cikin yankin da cutar ke yawan ɓarkewa da bazara, annobar 1996 kaɗai ta kashe fiye da mutum dubu goma a ƙasar nan, waɗanda suka tsira da yawa sun tashi babu ji. Duk wanda zai koyar da kurame a nan zai tarar da irin wannan jiki a ajinsa.

Amma baiwar tana da ɗaya fuskar. Wanda bututun nan nasa suka mutu, da ido da tafin ƙafa yake sanin inda ƙasa take. Na san ƙanwata tun tana yarinya ba ta iya tafiya miƙe cikin duhu. A sama babu ƙasa a ƙarƙashin ƙafa, saura ido kaɗai. Idan ta rufe shi tana kife, ba za ta san ina ne sama ba. Saboda haka ba a rage haske a ɗakin nan, ba a rufe ido a kan lilo, mun kuma ja layin fenti ruwan ɗorawa a bangon huɗu daidai tsayin kafaɗa don ido ya sami abin kamawa. Idan an sauko a tsaya riƙe da yadi har ƙafa ta tabbata.

Kafin kowa ya fara kifewa muna tambayar hawan jini, hawan jinin ido, da juna biyu. Masu ɗigar kunne mun ce su fara zuwa Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke nan Kaduna.

Asabar, 3 ga Mayu

Masu shan inna sun ƙaru a aji biyun. Tun 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar, bayan na ƙarshe da aka gani a Borno a 2016, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan, samari ne da 'yan mata da magidanta. A ajin maza akwai 'yan ƙwallon guragu, kuma abokin aikina ya ce ranar farko ɗayansu ya haye yadi da hannu zalla, abin da shi ya yi watanni kafin ya iya.

Likitar gashin ƙashi da ke zuwa mana ita ta taka mana burki. Ta ce da ni, "Malama, ke idan kafaɗarki ta yi ciwo hutu za ki ɗauka. Shi idan tasa ta yi, ya zauna ke nan, ko banɗaki sai an kai shi." Kafaɗar da ta shekara ashirin tana tuƙa keke da dogara sanda ta riga ta yi aikin ƙafa ta yi nata. Don haka mun ƙayyade hawa da hannu zalla, mun ƙara motsin da ke ƙarfafa bayan kafaɗa, mun kuma ƙulla ƙulli a yadi ya zama mazauni ga wanda ƙafarsa ba za ta iya naɗe yadin ta taka ba.

Akwai wata tela daga Rigasa, ƙafarta ta hagu siririya ce ba ta da ƙarfi ko kaɗan. Wata dabara da ake yi ita ce a haɗa ƙafafun da majanyi mai laushi don mai ƙarfin ta ɗauki marar ƙarfin. Na kawo na nuna mata. Ta karɓa ta duba ta miƙo mini. "Anti, ƙafar nan tun ina yarinya ake ɓoye ta cikin zani. Bar ta ta yi lilo."

Likita ta duba gwiwar da ƙugun ta ce a yi, amma juyi a hankali. Ta kishingiɗa a yadin, ta tura ƙasa da ƙafar dama, ta fara juyawa. Ƙafar hagun ba ta bi nan take ba. Sai da jikin ya yi gaba sannan ta taso daga baya, ta zana da'ira mai faɗi a iska, a sake, babu wata tsoka da ke riƙe ta. Da ta zagayo sai telar ta miƙa hannu ta tare ta a ƙwauri, ta ɗora ta a kan yadin, ta kwantar da kumatunta a gwiwar, juyin yana mutuwa a hankali. Bayan an tashi na hau na gwada. Ƙafata ba ta yarda ta saki haka, kullum sai wata tsoka ta cafke. Wannan motsi nata ne, kuma duk mai lafiyar ƙafa da ke son sa sai dai ya koya a wajenta.

Daga yau na canja tsarin darasi. Rabin farko naɗin da dole kowa ya sani don tsira da lafiyarsa, waɗannan babu sassauci. Rabi na biyu ba na nuna komai. Nakan ba da aiki, misali ki tashi daga kishingiɗe zuwa zaune cikin bugun ganga takwas, kowa ta nemo hanyarta da jikin da Allah ya ba ta. Idan ni kaɗai ake kwaikwayo, mafi ƙwazonsu ma za ta tsaya ne a matsayin wadda ta kusa yin irin nawa, alhali tana da abin da ba ni da shi.

Asabar, 17 ga Mayu

Kuɗin mota ya fi komai cin aljihun aikin nan, har ya fi hayar ɗaki. Masu Keke da yawa ba sa tsayawa idan suka hango keken guragu, wanda ya tsaya kuma kuɗin mutum biyu yake caja. Mun yi yarjejeniya da direbobi biyu, ɗaya ya kwaso Rigasa da Tudun Wada, ɗaya Kawo da Badarawa, ana biyansu a wata. Saƙon tes ake yi da su saboda kurame.

Asabar, 14 ga Yuni

Bayan Babbar Sallah wani makaho ya shiga ajin maza, ɗalibi ne. Abokin aikina ya kira ni da daddare ya ce duk abin da muka gina na ido ne: zare, ƙyalle, fitila, layin bango. Shi wannan murya yake so, ba ƙaƙƙautawa, da izinin ya shafa jikin malam yana cikin naɗi don ya gane yadda yadin ya bi.

Ganga ce ta haɗa su. Mun ajiye babbar ganga a kusurwa ɗaya ba a matsar da ita. Kurame suna jin dukanta a ƙirji, suna kuma kallon hannun makaɗin yana tashi yana sauka, sai muka ce ya riƙa ɗaga gula sosai. Makahon kuma da ita yake sanin inda ya fuskanta idan lilo ya juya da shi.

Yau ruwa ya sauko ana tsakiyar aji. Rufin kwano ne, ko ihu ba a ji, gangar ma ta nutse. Kurame ba su ma san an yi ba, shi kuwa yana sama ya rasa malam ya rasa ganga lokaci ɗaya. Bugun yadi ne ya sauko da shi, don an riga an koya masa. Yanzu doka ce: hadari ya haɗu, shi a ƙasa yake aiki. Silin zai rage ƙarar, muna neman kuɗinsa.

Asabar, 5 ga Yuli

Wani matashi da haɗarin mota ya taɓa wa laka ya nemi shiga. Ba ya jin komai daga ƙirji zuwa ƙasa. Likita ta zauna da shi da mu. Yadi yana matsa cinya da kugu, mai ji zai ji zafi ya gyara, shi ba zai ji ba sai fata ta mutu, gyambon zama kuwa yakan ɗauki watanni. Sannan wanda rauninsa ya kai tsakiyar gadon baya zuwa sama, matsi a ƙasan raunin yana iya sa jininsa ya hau farat ɗaya, da ciwon kai mai tsanani da gumi, kuma abu ne na gaggawa.

Ba mu ce masa a'a ba. Zai fara da minti biyar a shimfiɗaɗɗen lilo, ranar da likita take nan kaɗai, da na'urar awon jini a gefe, a duba fatarsa da madubi kafin da bayan. Wansa ne zai riƙa taya shi sauka daga keke, don shi ya san yadda yake so a riƙe shi. Da aka gama ya ce tun ranar haɗarin bayansa bai taɓa rabuwa da katifa ko kujera ba sai yau.

Asabar, 2 ga Agusta

Na fara koyar da masu koyarwa: ƙanwata da telar Rigasa a ɓangaren mata, ɗaya daga cikin 'yan ƙwallon a ɓangaren maza. Ba rawa nake koya musu ba yanzu. Duba yadi taku-taku a gaban haske don neman huda, jin ƙugiya ko makullinta ya kama, duba igiyar fuli, rubuta komai a littafin kaya, da tallafar wanda ya kife, hannu ɗaya a kafaɗa ɗaya a kugu. Telar daga zaune take tallafa, sai muka sauke lilonta daidai hannunta.

An tambaye ni ko kurma za ta iya tsaron aji, tunda ba za ta ji kiran nan da muka yi doka a kansa ba. Tambaya ce ta gaske. Ƙanwata ta amsa da cewa a ajinta mutum ɗaya ne zai hau a lokaci ɗaya, hannunta kuma ba zai bar yadin ba, duk motsin da ba daidai ba a tafinta za ta ji kafin mai kunne ya ji kira. Na tsaya a gefe na kalli darasinta na farko. Bayanin da nake kashe minti goma ina yi ta bakin tafinta, ita cikin minti biyu ta gama, an kuma gane.

Asabar, 23 ga Agusta

Muna so mu nuna abin da aka koya ranar 3 ga Disamba, ranar masu buƙata ta musamman ta duniya. Maza sun yarda a buɗe ƙofa ga kowa. Mata sun rabu. Wasu suna so mata zalla su kalla, kamar yadda aka yi wa iyaye alkawari. Telar Rigasa tana so mahaifinta ya gani, ta ce shi ya yi ta goya ta zuwa makarantar allo. Babbar Yaya ta kawo shawarar zama biyu, na farko mata zalla, na biyu da muharramai ga wadda ta so kuma gidansu suka yarda. Kowa za ta je ta yi shawara a gida, za a yanke ranar 6 ga Satumba. Abin da aka riga aka amince da shi baki ɗaya shi ne ba za a yi jawabin tausayi ba, ba kuma za a zagaya da kwanon taimako ba. Tikiti za a sayar.

Baban Tudun Wada ya aiko a tambaya ko 'yarsa ta wuce tsayin ƙirjina. Ta wuce, tana mita biyu da rabi, kuma na aika masa da jerin alamun da muke amfani da su.

Majuyin lilo na biyu ya fara gurnani, mun cire shi sai sabo ya iso. Kuɗin silin ya kai rabi. Asabar mai zuwa za a sauke shuɗin yadin a wanke, saboda haka lilo ɗaya ne zai yi aiki, ajin mata zai fara ƙarfe takwas maimakon tara.